Kunun Mama a Randunan Aro

Ƙarfe biyu da rabi na ranar Alhamis taransifomar unguwarmu ta buga. Ina zaune a gindin mangwaron tsakar gida da littafi a cinya, na ɗaga hannu ke nan in duba agogo ko lokacin canza darasi ya yi, sai muka ji ƙara kamar an fasa dutse. Kaji suka watse. Firizar da ta kwana biyu tana gurnani a falo ta yi tsit. Mama ta fito daga kicin da muciya a hannu, ta dubi wayar wutar da ke bisa katanga, sannan ta dube ni.

"Hannatu, ce mini ba abin da nake tsammani ba ne."

Na rufe littafin. Ni dama magana ba ta cika zo mini da wuri ba.

Zafin bana ne ya dawo mini da wannan rana. Shekaranjiya 'yata ta ɗauko ruwa a firij ta ce bai yi sanyi ba, alhali kwalbar har raɓa take yi. Yanzu muna da sola, fanka na juyawa ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Na karɓi kwalbar na ɗora a goshi, sai ga ni a Samaru a farkon shekarun dubu biyu, ina aji biyu a jami'a, jibi bikin Yaya Rahila.

Bazarar shekarar ta zo da ƙarfi. Tun da hantsi kwanon ɗaki ke fara ƙas-ƙas kamar ana soya shi. Rijiyarmu ta ja baya, sai da aka ƙara wa guga igiya, kuma in ya fito rabi ruwa ne rabi laka. Ruwan wanke-wanke ba a zubar da shi, da shi muke yayyafa tsakar gida da yamma kafin a shimfiɗa tabarmi, don ba mai iya kwana a ɗaki. Kowa wuyansa ya feso da ƙurajen zafi, kowa ya yi fari fat da hoda. Kullum bayan la'asar hadari zai haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, har Baba ya ce a kwashe shanya. Sai iska ta ɗan kaɗa ganyen mangwaro, hadarin ya watse ya bar mu da zufa.

Yaya Rahila za ta auri Chidi ne, ɗan Sabon Gari. Mahaifiyarsa, Mama Chidi, tana da shagon lemo da kayan gwangwani a kasuwa. Tun tana amarya ta zo Zariya, Hausarta irin ta kasuwa ce, mai sauri, ba ta rage wa kowa. Ranar da aka zauna tsara liyafa ta ce a bar mata abin sha, ita za ta kawo lemo. Mama ta yi godiya da kyau, sannan ta ce, "Ki kawo lemonki, ba a hana ba. Amma a bikin 'yata ta fari, kununa za a sha."

Kunun zaƙin Mama ba ƙaramin abu ba ne a layinmu. Matan zumuntar coci ba sa taro sai da shi. Da azumi maƙwabtanmu Musulmi kan aiko da jug tun kafin magariba.

"A wannan zafi?" in ji Mama Chidi. "Maman Rahila, kafin fasto ya gama addu'a ya zama burkutu. Abeg, ki bari mu koma gida da ƙafafunmu."

Aka yi dariya. Mama ma ta yi, amma na san irin wannan dariya tata. Tun daga ranar maganar ta wuce ta abin sha. Idan kunun ya yi tsami a gaban surukai, za a shekara ana ba da labari a kasuwar Sabon Gari.

Gaskiyar Mama Chidi ce, kunun zaƙi ba ya haƙuri da zafi. Dabarar Mama ita ce ƙanƙara, kuma ni ta ɗora wa aikin, wai ni ce ba na mantuwa. Na ƙulla ruwa a ledoji, na jera a firizarmu da ta maƙwabta, ina juya su safe da yamma. Sun fara daskarewa ke nan ta gefe taransifoma ta ƙone. Kafin faɗuwar rana duk sun koma ruwa mai ɗumi a leda.

Ranar Juma'a da safe Kawu Bitrus, ƙanen Mama, ya zo da a-kori-kurarsa da yake dakon taki da masara, muka fita neman ƙanƙarar saye. Kujerar motar ta yi zafi har sai da na naɗe ɗankwali na zauna a kai. Kwalta ta yi laushi, tana kama taya. Muka zaga Sabon Gari lungu-lungu, duk wanda muka tambaya sai ya nuna mana tafin hannu. A Chikaji muka sami masu yin ƙanƙara da janareta, layi ya miƙe har bakin titi, masu kifi da masu fiya-wata kowa da baro. Mai wurin ya leƙo yana share wuya da tawul.

"Biki gobe? Yallaɓai, ko bikina ne gobe ba zan samu ba."

Da za mu koma Kawu ya ce rashin kunya ne mu wuce shagon suruka ba mu gaisa ba. Mama Chidi tana zaune kan kiret tana fifita da kwali. Kallo ɗaya ta yi wa bayan motar ta gane.

"Hannatu mai littafi, ina ƙanƙara?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin zani.

"Ki gaya wa uwarki ta huta. Ni ma lemona zafi ne kamar shayi, amma shi ba ya tsami." Ta ɓalle mini kwalba ɗaya. Na sha don kunya, yana ƙona maƙogwaro.

A gida na tarar Mama ta riga ta jiƙa gero baho-baho, ga citta da kanumfari da busasshen dankali an baza a tire. Na faɗa mata yadda muka yi. Ta zauna a kan turmi, zufa na bin haɓarta. Can ta ce ruwan gidan ya ƙare, in shiga wurin Hajiya Asabe in roƙo mata na sha. Hajiya Asabe katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na ɗebo a randarta da ke zaune kan jiƙaƙƙen yashi a lungun rumfa. Mama ta kurɓa, ta tsaya. Ta ɗora kofin a kumatu. Ta sake kurɓa.

"Hannatu, randa nawa ke cikin layin nan?"

Kafin azahar gidanmu ya zama kasuwar tukwane. Yaya Rahila da lalle a hannu ta bi gida-gida tana roƙo, ba wanda ya iya hana amarya. Aka kawo randuna manya da ƙanana, da tuluna, har da wata mai ɗaurin waya a wuya. Ta ƙarshe ita ce ta Hajiya Asabe, mata biyu suka ɗauko ta, Hajiya na biye da mafici.

"Randar nan ta girmi Rahila," ta ce wa Mama. "In ta fashe ba na son sabuwa. Hannatu za ki ba ni, ta zauna a lungun ta yi mini shiru, dama ta saba."

Yashi kuwa muna da shi. Baba ya zuba tifa guda a ƙofar gida tun ina firamare, wai zai ƙara ɗaki. Yana kallo aka dinga kwasa da kwano.

"Ku bar mini na harsashi," ya ce.

"Malam, yashin nan yau ya sami aikin yi," in ji Mama, ko juyowa ba ta yi ba.

Matsalar ita ce ruwan jiƙa yashin. Mama ta hana a zubar da ruwan da aka wanke gero, da shi muka fara. Maƙwabta suka dinga turo na ɗauraya a bokiti. Muka binne gindin kowace randa a yashi, muka lulluɓe cikinta da buhun algarara, ni kuma aikina in bi su ina yayyafawa kada buhun ya bushe. Ina taɓa su da bayan hannu, sai na lura waɗanda ke bakin ƙofa inda iska ke ratsawa sun fi sanyi. Na daɗe ina juya maganar a baki kafin na faɗa wa Mama. Nan take ta kira mata aka jawo sauran suka yi layi daga ƙofa zuwa gindin mangwaro.

Da yamma aka kai niƙa, aka ɗora manyan tukwane a murhu. Wuta a ƙasa, wuta a sama. Matan zumunta suka ɗaura zani a ƙirji suna damawa suna waƙa, tururi na tashi da ƙamshin citta. Aka raba ƙullun, aka dama kaso mafi yawa da tafasasshen ruwa, da ya huce aka juye ɗanyen a kai, aka rufe ya kwana. Hadari ya haɗo kamar kullum, ya yi ruguginsa ya tafi.

Da gari ya fara wayewa aka tace. Mama ta hana a sa sukari. Ta ce sukari ne ke kiran tsami, sai an zo sha za a zuba. Muka ɗura kunun a randuna, muka rufe kowace da faifai. Da na ɗanɗana na randar Hajiya sai na ji wani abu daban, ƙamshin hayaƙi mai daɗi da na saiwar jema. Ashe Hajiya takan kife randarta ta turara ta kafin ta zuba ruwa, shekara da shekaru, har ƙamshin ya zauna a jikin yumɓun. Mama ta shinshina ta yamutsa fuska.

"Wannan ba kununa ba ne kuma, na Hajiya ne. Ki sa shi a baya. Kada a taɓa sai in sauran sun ƙare."

Liyafar a filin wata makarantar firamare za a yi, jikin cocin su Chidi. Kawu ya shimfiɗa yashi a bayan mota, aka dasa randunan a ciki, aka cusa buhuna a tsakaninsu. Ni na hau baya cikin sabon ankona, na rungume ta Hajiya da hannu biyu. Kawu bai taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba. 'Yan acaɓa na wuce mu suna waige.

"Amarya, da kayan ɗakin aka haɗo ki?"

"Direba, ka sauka ka tura mana, za ka fi sauri!"

Wajen Palladan taya ta faɗa rami. Wani ƙaramin tulu ya daki ƙarfen mota ya tsage, kunu ya kwarara a kan zanina har cikin takalmi. Na rufe ido na ƙara matse randar Hajiya. Da muka isa na duba ta, tana nan lafiya.

Ban ga ɗaurin auren yayata ba. Muka jera randunan a gindin wata dalbejiya a gefen filin, kowa ya shige coci, ni na zauna da bokiti da moɗa. Ta bisa katanga nake jin waƙa, na ji guɗa ta tashi, na san an gama. Na yi tawa guɗar a ciki, na ci gaba da yayyafa buhu. Ruwan na taɓa buhun yana bushewa. Ko ganye ɗaya ba ya motsi, ƙadangaru ma sun buɗe baki a jikin katanga.

Jama'a suka fito suka cika kanofi. Aka fara raba lemon Mama Chidi, ina hango mutane na kurɓa ɗaya su ajiye kwalba a ƙarƙashin kujera. Mama ta ce kunu sai an zo cin abinci, abinci kuma sai shugaban taro ya gama jawabi. Shugaban taro tsohon hedimasta ne. Ya fara daga tarihin aure tun gonar Aidan. Yana magana ina ɗaga faifai ina ɗanɗanawa da ƙaramin ludayi, wannan randa, waccan randa, in dawo ta farko. Na yi ta yi har harshena ya mutu. In na kurɓa sai in ji kamar da tsami, in na sake sai in ji babu. Zufa da kunu sun manne mini zani a jiki.

Ba wanda ya kula da gabas. Mun gaji da ƙaryar hadari. Sai kawai haske ya canza, filin ya yi ja-ja, wata iska mai sanyi ta taɓa mini wuya. Kafin hedimasta ya juya shafi guguwa ta iso. Ledoji da faranta na roba suka tashi sama kamar tsuntsaye. Kanofin manyan baƙi ya ɗaga ƙafa biyu, maza suka yi tsalle suka rataya a ƙarafunsa, har da ango cikin kwat, har da fasto. Mayafin Yaya Rahila ya bar kanta ya tafi ya maƙale a ragar ƙwallo. Lasifika ta yi ƙara ɗaya ta mutu. Yara na ihu suna murna, mata na dafe goggoro.

Faifan farko ya tashi a gabana. Na cire ɗankwalin anko na yaga shi da haƙori, na ɗaure bakin randuna uku. Sauran na ɗora musu duwatsu da takalmana. Ta Hajiya bakinta ya fi faɗi, ba abin da zai rufe ta, sai na kifa faifai na kwanta a kai da ƙirjina. Ƙasa na shiga mini ido da baki. Ina nan kwance na ji wani ya faɗo kan randar da ke kusa da ni. Mama ce, da leshinta da sarƙarta, ta rungume randa kamar jariri. Muka dubi juna. Sai ta fashe da dariya, ni ma na kasa riƙe tawa.

Sannan ruwa ya sauko. Ɗigon farko manya ne, masu ɗumi, suna tayar da ƙamshin ƙasa, wannan ƙamshin da mutum kan ji kamar ya ɗiba ya ci. Bayansu ruwan gaske ya kece. Jama'a suka ruga baranda da azuzuwa. Wasu ba su gudu ba, suka tsaya a fili suka ɗaga fuska. Na ga Baba a tsakiyar filin da babbar riga, ya buɗe hannuwa, hodar wuyansa na gangarowa fari-fari. Ruwa na dukan randunan yana wanke su, na taɓa cikin ɗaya na ji sanyi har cikin tafin hannu.

Kawu da abokan ango suka kinkimo su zuwa baranda ɗaya bayan ɗaya. Mama ta matse bakin zaninta, ta ce a kawo sukari. Aka juya, aka fara zubawa a kofunan roba, kofi na bin hannu-hannu har cikin azuzuwa inda manyan baƙi suka takure a bencin yara. Kwanon makarantar na ƙara kamar ana zuba tsakuwa, ba a jin maganar kowa sai an ɗaga murya.

Ni dai abu ɗaya nake son sani. Na matsa kusa da Mama.

"Mama, ya yi tsami?"

"Matsa ki miƙo mini ludayi."

Na sami Kawu yana kan kofi na biyu. "Kawu, da tsami?"

"Ni kike tambaya? Ni da ko ruwan lagireto zan sha yau?"

Na kutsa wurin Yaya Rahila. Kwalliyarta ta wanke, gashinta ya kwanta, tana dariya tana riƙe da hannun Chidi. Ta jawo ni ta rungume. "Hannatu, ni yanzu ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani."

Randuna suka yi ta ƙarewa. Da babu lasifika, matan zumunta suka jawo waɗanda aka kwashe, suka cire silifas suna buga bakinsu kamar yadda suke buga tulun kiɗa a coci. Sautin ya yi zurfi, ya haɗu da na ruwan sama. Dangin ango suka ɗauki waƙa da yarensu, namu suka amsa da Hausa, baranda ta ɗauki rawa. Hajiya Asabe na daga gefe tana tafi tana faɗi, "Ku buga ta kowa, ban da tawa!"

Tata ce kaɗai ta rage. Mama ta dube ta, ta dubi layin masu miƙo kofi, ta ɗaga kafaɗa ta ce in buɗe. Na fara zubawa, ƙamshin turaren na tashi.

Can na hangi Mama Chidi a ƙarshen baranda, zaune kan kiret ɗin lemonta da ba a taɓa ba. Goggoronta ya sha ruwa ya faɗo gefe ɗaya. Da kofi a hannunta. Tun da aka fara rabo nake kauce wa wajen. Ta ɗaga yatsa ta kira ni. Na ɗauki jug na tafi kamar mai zuwa karɓar sakamakon jarrabawa, ba takalmi, ba ɗankwali, zani duk kunu.

"Wannan na ƙarshe, wa ya sa masa turare?"

"Randar ce, Mama. Ta Hajiya ce."

"Hmm." Ta leƙa cikin kofin.

Na ji in ban tambaya yanzu ba, ba zan taɓa tambaya ba. Muryata ta fito ƙarama, sai da na maimaita.

"Mama, don Allah ki gaya mini gaskiya. Ya yi tsami?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta cire goggoronta ta matse shi, ta yafa mini a kai. Sannan ta miƙo kofin.

"'Yata, ina zan sani? Uku na sha, ban tsaya ji ba. Cika mini na huɗu in duba miki, kuma kada uwarki ta gani."